Ƙudan da Ya Raba Baba da Inna

Tun ina goye har na yi aure, aikin babanmu ƙirga gawar ƙudaje ne. Ba ƙudan bola ba, ƙananan nan masu jajayen ido da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba. A wani ɗakin gwaje-gwaje yake aiki, ƙarƙashin wata Dakta da ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen neman abin da ke kawo tsufa. Ita ke taɓa ƙwayoyin gadon ƙudajen, ta zuba su a kwalabe ta toshe da auduga. Shi kuma ya dama musu abinci, ya sauya musu kwalba, kullum da safe ya ƙwanƙwasa gilashin da farce ya ga wa ya motsa, wa ya riga mu gidan gaskiya. Mai Jana'iza ake ce masa a unguwa, yana kuma amsawa.

Duk wannan bai dame mu ba sai da binciken Dakta ya yi suna, manyan mujallu suka buga, baƙi suka yi ta zarya. Ta gano wata ƙwayar gado mai tsawaita rayuwar ƙuda. Ta kuma nuna ƙuda ya fi daɗewa in an rage masa abinci, an ajiye shi a sanyi, an raba mace da namiji. Ƙwayar gado ta fi ƙarfin Baba, amma sauran ukun ya ga ba su gagare shi ba.

A lokacin Inna ta tashi daga wata doguwar jinya da ta tsorata shi ƙwarai. Ya dawo daga aiki ya tsaya a bakin ƙofarta.

"Daga yau rabin kwano. Fanka kuma ba kashewa. Ni zan koma ɗakin ajiya."

"Malam, laifin me na yi?"

"Ba laifi. So nake ki daɗe."

"In daɗe ina me?"

"Wannan ba a bincika ba tukuna," in ji shi.

Ya ja katifarsa ya shimfiɗa tsakanin tsohon keken ɗinki da keken hawa marar taya. Gaisuwa ma ta taga yake yi, ya ƙwanƙwasa da farce ya jira ta motsa. Inna ta koma zama cikin bargo da safa, mura ba ta sakinta. Matar da maƙwabta ke jin dariyarta ta kan katanga ta yi shiru, abin ya ci min rai. Na ce masa Inna ba ƙuda ba ce. Ya ce fiye da rabin ƙwayoyin gadonmu iri ɗaya ne da na ƙuda, in je in tambaya.

Na kuwa je. Na tarar da Dakta a ofis ita da mijinta, sun sa kwano a gaba suna ci ba ji ba gani. Da na faɗa mata abin da Baba ke yi, ta dafe kai ta ce ƙuda ta ce, ba mutum ba. Da na kawo wa Baba saƙon, sai ya ce Dakta dama akwai tawali'u.

Ana haka ƙudajen gwajin suka yi ta mutuwa har saura mace ɗaya. Ita ce abin alfaharin ɗakin, har hoto ake ɗaukarta. Baba ke kula da ita. Ta daina tashi, in ta faɗi rigingine sai ya juyo ta da gashin tsuntsu. Ranar da ta mutu aka raba lemo ana taya Dakta murna. Baba bai sha ba, ya dawo gida tun rana na tsaka. Ina nan zaune wajen Inna, ya shigo har cikin ɗaki.

"Ta rasu," ya ce. "Ta ƙara kusan wata guda a kan 'yan uwanta."

"Me ta yi da watan?" in ji Inna.

"Tana manne a jikin kwalba, ita kaɗai. In na ƙwanƙwasa, ta ɗaga ƙafa ɗaya."

Ya miƙa hannu ya kashe fanka. Ya fita, muka ji yana jan katifa, tana maƙalewa a ƙofa yana kokawa da ita. Ya dawo da gumi, ya ce in cika kwanon Inna, ya zauna gefenta har kafaɗarsu na haɗuwa.

"Malam, za ka rage min kwana fa."

"Na sani," ya ce, ya tura mata kwanon. "Sa hannu."