Yatsu Huɗu Tsakanin Ƙeya da Bango

A ƙauyen su Ulbio Mero, can bayan garin Montecristi, ba a ɗauki duƙaƙƙen baya a matsayin ciwo ba. Shaidar gwaninta ce. Duk wanda ya iya saƙa malfa mai laushi a duƙe yake yin ta: ya kifa ƙirjinsa a kan gungumen da ke danne malfar, hannuwansa a ƙasa suna sarrafa zaren kaba siriri kamar gashi. In mutum ya shekara talatin a haka, ai dole baya ya nuna. Shi ya sa da mahaifinsa, Don Eulogio, ya lanƙwashe har ya daina ganin komai sai ƙasa, babu wanda ya ce a kai shi asibiti. Cewa aka yi sana'a ce ta ci rabonta. Tsohon ya ƙarasa rayuwarsa yana gane mutane da ƙafafunsu. In ka shigo gidan, takalminka zai duba ya kira sunanka.

Ulbio yana ɗan shekara goma ya hau gungume. Yana da ashirin da huɗu ƙugunsa ya fara ciwo, wani irin ciwo mai taurin kai, wanda hutu ke ƙara wa ƙarfi. In ya farka da asuba sai ya ji bayansa kamar an zuba masa siminti ya bushe, sai ya yi ta zagaya tsakar gida kafin ya sake shi. Shekara goma sha huɗu matarsa Narcisa tana shafa masa man zafi, shi kuma yana cewa gado ne. Ba don idonsa ya yi jawur wata rana har haske ya gagare shi kallo ba, da bai je asibitin birnin Portoviejo ba.

Likitar da ta duba shi a can ta ɗaga hoton bayansa ta daɗe tana kallo. Ta faɗi wani dogon suna, sannan ta sauko da shi daidai kunnensa.

"Don Ulbio, ƙasusuwan bayanka haɗewa suke yi, suna so su zama guda kamar gora. Ba saƙa ce ta kawo shi ba, a jini yake. Akwai mai irinsa a gidanku?"

"Babana," in ji shi. "Amma shi masaƙi ne."

"Kai ma masaƙi ne. To ka ji ni da kyau. Magani zai rage zafin, amma yadda ka riƙe bayan nan kullum, a haka zai daskare. In a miƙe, a miƙe. In a duƙe, a duƙe."

Ta jingina shi da bango, dunduniya da kafaɗa a manne, ta ce ya taɓa bangon da ƙeyarsa. Ya yi iya yinsa, ƙeya ta ƙi kaiwa. Ta kira Narcisa ta sa yatsunta a tsakanin. Biyu suka shige.

"Duk ranar Lahadi ki auna. Kada ki bar su su ƙaru."

Daga nan safiyarsa ta zama ta motsa jiki. Ya kwanta rub da ciki a kan tabarma na minti ashirin. Ya ɗaga kai da ƙirji kamar ƙadangare, sau goma. Ya riƙe sandar shara ta bayan wuya ya juya dama da hagu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dafa gefe biyu ya tura ƙirji gaba, ya ja numfashi har haƙarƙarinsa ya yi ƙara. Ba abu ne mai wuya ba in ka gan shi sau ɗaya. Wuyarsa ita ce gobe ma haka, jibi ma haka, kuma ba warkewa ake nema ba, tsayawa a inda ake kawai.

Amininsa Wilfrido, mai kiwon awaki, ya kan leƙo ta kan shinge.

"Mutumina, har yanzu iyo ake a busasshiyar ƙasa? In ka kai gaci ka gaida min kifaye."

"Wuce ka bi awakinka, sun fi ka hankali."

"Narcisa, wai me kike ba shi ne? Da tsufansa yake koyon rarrafe!"

Ba tsokanar ce ta dame shi ba, lokaci ne. Zaren malfa mai laushi ba ya saƙuwa sai da sanyin safiya, tun raɓa ba ta ɗauke ba. Da rana ta ɗaga sai ya bushe ya dinga karyewa, gumin hannu kuma ya ɓata shi. Awannin nan uku su ne na saƙa, su ne kuma na bayansa. Shekara biyu yana raba su, kowane ɓangare yana ƙorafi.

Sai wani mai saye ya zo daga birnin Guayaquil yana neman malfa irin wadda Don Eulogio ya kan saƙa, wadda ko an zuba mata ruwa ba ta yoyo. Aikin wata takwas ne. Mutumin ya ce an gaya masa a gidan Mero kaɗai hannun ya saura. Ulbio ya karɓa.

"Tabarmar fa?" in ji Narcisa.

"Da yamma zan yi."

"Da yamma ko cokali ba ka iya ɗagawa, tsoho. Wa za ka yi wa wayo?"

Bai yi da yamma ba. Ran Lahadi kuma sai ya ce yau dai a bari, ya gaji. Ta bari sau ɗaya, ta bari sau biyu, daga nan ta daina tambaya. Sai ta ajiye masa kofi da dakakkiyar ayaba kusa da gungume ta koma ɗakin girki.

A wata na biyar, wata safiya ya sauko daga gungume yana tsaye a tsakar gida, sai ga ƙafafu sun shigo. Silifa shuɗi, an ɗaure maɗaurinsa da waya.

"Wilfrido, ka yi sammako," in ji shi.

Wilfrido ya ja ya tsaya yana kallonsa. Narcisa ma ta tsaya cik da tukunya a hannu. Sai a lokacin Ulbio ya lura bai ɗaga kai ba. Ya yi ƙoƙarin ɗagawa, ya ga gemun amininsa, amma sai da ya ja da baya taku ɗaya kafin ya ga idanunsa.

"Zo nan," in ji Narcisa. Ranar Alhamis ce, amma ta kai shi bango. Yatsu huɗu suka shige, babu ko matsi.

Washegari ya naɗe malfar a farin ƙyalle, rabinta a saƙe, zarurruka na reto, ya kai wa ƙanwarsa Digna, wadda ita ma masaƙiya ce, ta ƙarasa.

"Yaya, hannuna bai kai naka ba. Za a ga inda ka tsaya."

"A gani," in ji shi.

Yanzu shekararsa hamsin da ɗaya. Yana saƙa malfa mai kaurin zare, irin ta masu zuwa gona, a zaune a kujera mai jingina, da la'asar. Ba ya son ta, ba ya kuma ɓoyewa. Gungumen yana nan a lungu, Narcisa ta ɗora masa tukunyar fure. Wata safiyar sai ya daɗe a bakin gado yana kallon tabarmar kamar maƙiyinsa, ya ce shi fa ya gaji, sannan ya durƙusa a hankali ya kwanta.

Yatsun ba su koma biyu ba, likita ta ce ba za su koma ba. Amma shekara goma ke nan ba su zama biyar ba. Ran Lahadi, in Narcisa ta zare hannunta daga bayan ƙeyarsa, sai ta ja da baya ta tsaya a gabansa.

"Me kake gani?"

"Ke mana," in ji shi. "Da gashin nan da ba ki taje ba."