Kai wa Rakiya Tsutsotsinta Duwala

Birketiri

Ƙarfe huɗu da rabi na dare na fito daga gidana a unguwar Birketiri, gwangwanin madara a hammata. 'Yata Rakiya mai karatun dokta za ta ƙasar waje wata shida, aiki da wasu masu bincike. Tun jiya tana Duwala gidan gwaggonta, jirginta yau ƙarfe biyu. Abin da za ta nuna musu ne bai gama daskarewa ba ta tafi: 'yan robobi shida masu laushi kamar tsutsa, da garin ƙarfe a ciki. Su ne a gwangwanin, zan kai mata. In mayen ƙarfe ya matso sai su motsa. Wai da irinsu za a ƙera na'urar kai magani cikin jikin mutum. Ni dai gyaran sifika na sani.

Ta ce, "Baba, in suka kusanci mayen ƙarfe yanzu, a lanƙwashe za su bushe."

Mvan

Na yi asuba a tashar Mvan, mota ta tashi shida saura kwata. Kujerata can baya, bisa wata ƙatuwar sifika. Shekara ashirin ina buɗe irinta, na san mayen ƙarfen da ke cikinta. Na taso.

Direba ya ce, "Alhaji, kiɗan ne ba ka so?"

"Kiɗanka bai dame ni ba. Ba ni wuri nesa da akwatin nan."

Ya ba ni ɗan benci a bakin ƙofa. Bayana ya sha wuya.

Edeya

Tara da kwata, na ci gasasshiyar ayaba. A shingen jandarma aka ce in buɗe gwangwani. Jandarman ya sunkuyo, oba-oba a ƙirjinsa, ita ma da sifika a ciki. Na janye hannu.

"Shef, daga nesa. Karatun 'yata ne."

"Wannan taliyar?"

"Ita."

Ya yi dariya, ya ce mu wuce.

Duwala

Sha ɗaya da rabi, zafi kamar gidan burodi. Rakiya ta buɗe gwangwanin tun kafin ta gaishe ni. Biyar a miƙe, ɗaya ta lanƙwashe.

Ta ce, "Uku ma sun isa, Baba. Riƙe wannan lanƙwasasshiyar, taka ce." Sannan ta durƙusa ta gaishe ni.

Gida

Bayan magariba na iso. Na aje lanƙwasasshiyar a teburin aiki. In na ɗauko sifika sai ta ɗaga kai, kamar mai ita sanda take ƙarama tana sace min mayen ƙarfe. Na gode wa Allah, na gode wa direban nan. Bayan dai har yau yana ciwo.