Bindigar Baba da Ruwan Zafi

Shekarun baya, ina Kuala Lumpur ina sarin yadi a Jalan Masjid India ina aikawa gida, mahaifina ya kwanta ciwon ajali. Tsohon mai gadin daji ne. Yana da tsohuwar bindigar soja, mak-fo, da lasisinta, yana korar gyado da ita daga gona. Ran da ya yi harbin ƙarshe, a daren nan zazzaɓi ya kama shi, bai samu ya wanke ta ba.

Ina cin abincin rana a wani mamak, irin shagon abincin Indiyawan can, sai mahaifiyata ta kira.

"Babanku ya ƙi maganar komai sai bindiga. Ya ce a wanke ta kada ta lalace, kuma kai za a tambaya, kai ne babba."

Ni kuwa ban taɓa zama na kalli yadda yake yi ba. Kullum ina kasuwa. Amma na ji kunyar in ce ban sani ba.

Ta ce, "Ina ganinsa yana tafasa ruwa a buta, ya ɗura ta bakinta."

Na ce, "Haba Inna, ruwa da ƙarfe? Ai tsatsa za ki jawo. Ki zuba man keken ɗinki, ki naɗe ta a zane."

Ta ce, "To, ku ne kuka ga duniya."

Ta gaya masa an wanke. Bayan kwana shida ya rasu.

Sai bayan wata huɗu na samu zuwa gida. Kafin mu miƙa bindigar ga hukuma, aminin Baba ya zare ƙarfen bayanta, ya ɗaga ta saitin rana, ya leƙa. Ya daɗe.

"Wa ya hana a zuba ruwan zafi?"

Na ce ni ne.

"Ɗana, tsohon harsashi gishiri yake bari a ciki. Mai ba ya fitar da shi, sai tafasasshen ruwa. Tsatsa duk ta cinye cikinta. Shekara talatin da wani abu ubanka bai bar ɗigon tsatsa ya kwana a nan ba."

Inna tana bakin ƙofa, ta ji komai. Har yau kuma ba ta tayar da zancen ba.

Na dawo bakin sana'ata. Yanzu idan aka tambaye ni abin da ban sani ba, ina cewa ban sani ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, Baba ya tafi hankalinsa kwance, ya yarda ɗansa ya iya. Allah Ya jiƙansa.