Tulun da Aka Kife a Tambarin Ƙauyenmu

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da wata tsohuwa ta shigo shagon ɗinkin da nake aiki a Anbariyya. Lokacin ban daɗe a Madina ba, kewar gida na damuna, shi ya sa na liƙa tambarin ƙauyenmu a bango: dutse, da tsani kwance a samansa, da tulu a kife a gindinsa.

Haifaffiyar Madina ce, Hausarta duk ta cakuɗe da Larabci. Ta kawo gyaran abaya, sai idonta ya tsaya a bangon.

"Ya waladi, ɗana, me ya sa aka kife tulun?"

Na ba ta labarin kamar yadda dattawanmu suke bayarwa. A zamanin masu kamen bayi, da tsani ake hawa ƙauyen. Wata safiya 'yan mata suka sauka ɗebo ruwa, mahara suka ɓullo. Maza suka janye tsanin don a tsirar da sauran gari, suna jin kukan 'ya'yansu daga ƙasa. Da gari ya yi tambari, tsofaffi suka dage sai an sa tulun, kada a manta abin da aka bayar aka rayu.

Ni a lokacin labari ne kawai a bakina, har da ɗan alfahari nake faɗinsa.

Ta tambayi sunan ƙauyen. Da na faɗa, sai ta lalubi kujera ta zauna.

"Kakata ba aikin hajji ya kawo ta ba," in ji ta. "Sayar da ita aka yi ta yi har ta iso nan. Ta rasu tana cewa babanta na kallonta aka ja tsanin."

Sai ta sake tambayata:

"Akwai danginta har yanzu?"

"Hajiya, yawancin mutane sun sauko birni. Sai kangaye."

Ta daɗe tana kallon bangon kafin ta ce, "Da ta san sun kife mata tulu, da ta mutu da sauƙin zuciya."

Bayan wata biyu 'yarta ta zo karɓar abayar, ta ce an binne tsohuwar.

Tun ranar na daina ba da tarihin garinmu da sakin baki. Na gane duk labarin tsira da muke taƙama da shi, akwai wanda aka bari a ƙasa, kuma jikokinsa suna nan da rai.