Bayan Kowace Sallah Ake Kunna Waya

Shekarar da taki ya gagari talaka, ƙanena ya bar mana gona ya bi masu haƙar zinare can cikin hamada. Tsohuwar wayarsa ya bari a hannuna. Ya koya min in ɗora yatsa a fuskarta in ja ƙasa, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, in akwai saƙo ya faɗo.

Wayar nan ta fi tsohon jaki gardama. Ka ja sau biyu ta ɗauki zafi, caji ya zube kamar ruwa a kwando. Mu kuwa wutar lantarki a bakin mutane muke jin ta. Sai ranar kasuwar Ɗanbatta ake kai wayar wurin mai caji, sauran kwanaki a lallaɓa.

Inna ba ruwanta da wannan. Tana tankaɗe tana cewa, "Ke, ƙara ja mana, ƙila yanzu ya faɗo." In ja, ba komai. Kafin ta juye garin ta sake cewa in ja. Haka muka ƙarar da cajin wayar tun mako bai raba ba, muka zauna kwanaki a duhu, ko ya kira ba mu sani ba. Muka yi ta cacar baki ni da ita, don ni ma ban iya haɗiye magana ba.

Baba ne ya raba gardamar. Ya ce, "A kashe ta. Bayan kowace sallah a kunna, a ja sau ɗaya, a mayar. Da babu gara ba daɗi." Dabarar kuwa ta yi aiki, caji ya riƙa kai mu kasuwa zuwa kasuwa. Har yaba masa na yi.

Wata rana muna cirar gyaɗa, da azahar na ja, shiru. Na kashe muka koma gona. Da la'asar na kunna a gindin rumbu, inda sabis ya fi kamawa. Zoben ya daɗe yana juyawa, sai saƙon murya biyu suka faɗo tare. Na farko ƙanena ne, murya a shaƙe: "Yaya, zazzaɓi ya kayar da ni. Na yi ta kira, a kashe. Ba wa Inna wayar, ina so in ji muryarta." Na biyu abokin aikinsa ne, daga sallama sai innalillahi.

Na ji haushin Baba, na ji haushin wayar, na rasa wanda zan kama. Ba don dokarsa ba da tuni wayar ta mutu, ko wannan muryar ba za mu samu ba. Na san haka, amma sanin bai sanyaya min zuciya ba.

Inna ba ta taɓa ɗora wa Baba laifi ba. Shi ne bayan sadakar bakwai ya karɓi wayar, ya hana a kashe ta. Yakan zauna a zaure, mutumin da ko harafin boko bai sani ba, yana jan fuskarta da yatsansa mai kanta har ta mutu a hannunsa.