Agogon Maigidana Bai Daina Tafiya Ba

Ni ban iya rubutu ba, maƙwabciyata ce ke rubuta muku ina faɗa, in kun ga magana ta yanke to kuka ne ya tsayar da ni. A gidanmu na Filingue abin ya faru, shekarun baya kaɗan, kuma wallahi ban ƙara komai a kai ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, tubali yake bugawa a bakin tafki tun safe har rana ta take. Duk da wannan wahala mutum ne mai jiki, har abokan aikinsa na ce masa rumbu. Da likita ya ce jininsa ya hau, kuma dole ya rage ƙiba, autarmu Rabi da ke aure a Yamai ta aiko masa da wani baƙin agogo na roba, wai yana ƙirga takun mutum, kuma duk abin da ya ƙirga tana gani a wayarta. In ya daɗe a zaune sai abin ya yi rawa a hannunsa, wai ya tashi. Na ce, Malam, da tsufanka ka samu ubangida? Ya yi dariya, amma ya bi shi sau da ƙafa. Ya daina hawan amalanken jaki, ya koma ɗebo ruwan kwaɓi da kansa, fura ma sai ya kurɓa ya ture. Ranar kasuwa ya hau sikelin masu wake, ya dawo yana nuna mini yadda wando ke zame masa.

Muka yi ta murna, Rabi na kira tana yaba masa. Rama ta wuce inda ake so, ƙashin wuya ya fito, muka ce aikin agogo ne, ashe ciwo ne ke cinsa ta ciki. Kafin a gane an makara. Damina ba ta sauka ba muka rasa shi.

Masu wanka suka cire agogon suka ba ni, na sa a ƙwarya na rufe da faifai, na shiga takaba. Ko zaure ban leƙa ba.

Rannan Rabi ta kira, murya ba daɗi. "Inna, ina kike zuwa kullum da safe?" Na ce babu. Ta ce to agogon Baba na tafiya, kullum, kamar yadda yake yi yana da rai. Ta gaya wa gwaggonta, yayar marigayi, kafin ka ce me gari ya ɗauka, wai ina ɗaura agogon mijina ina yawo, ƙasar kabarinsa ba ta ko bushe ba. Matan da ke zuwa taya ni zama suka janye ɗaya bayan ɗaya. Na rantse har na gaji da rantsuwa.

Ƙarshe Rabi ta hau mota ta zo. Da hantsi muka zauna mu uku a tabarma, ni da ita da gwaggon, aka buɗe ƙwarya. Agogon baƙi ƙirin, tun rasuwar ba a sa masa wuta ba. Rabi ta riƙe waya, ni ban san lamba ba amma na ga lambobin suna juyawa, suna juyawa, ba mai motsi a cikinmu. Can suka tsaya. Aka jima ba su motsa ba. Sai agogon ya yi rawa a cikin ƙwarya, faifai har yana motsi a gefe, lambobin suka sake tashi.

Gwaggon ta yi salati, ta ce, "Ko can ma ba a bar ƙanena ya zauna ba?" Ta kama hannuna ta ce in yafe mata. Rabi kuwa ta kifa kai a ƙafata tana kuka. Washegari gwaggon da kanta ta bi gida-gida, mata suka dawo.

Rabi ta tafi da agogon Yamai, mai gyara ya ce mata ya daɗe da mutuwa. Ban tambaye ta ko wayar ta daina ƙirga ba, ita ma har yau ba ta faɗa ba.

Ku da kuke karantawa, in mai aikin ƙarfi ya fara ramewa ku kai shi likita ya duba, kada ku tsaya yabo. Shi kuma ku taya ni roƙa masa hutu, mutumin nan ya gaji.