Ɗantani da Tukunyar Kawu

Ɗantani mutumin Yawuri ne, ɗan masunta, amma lodin kaya ne ya kawo shi Dubai. Yana ɗaure kwalaye a wani ofishin kago a Al Khabaisi, sai mai shagon da ke maƙwabtaka da su, wanda ke ba da hayar kayan nutso, ya ji cewa a cikin kwalekwale ya tashi. Ya ɗauke shi wankin kaya. Daga wanki ya koma cika tukwanen iska, waɗanda ake goyawa a baya a shiga ƙarƙashin teku, yanzu kuma shi ke tsayawa a kantar shagon. Gajere ne, ba ya gaggawa, kullum da asuwaki a aljihun gaba. Ya taɓa gaya mini abin da ya fi ba shi wuya a wannan sana'a shi ne daina riƙe numfashi: a gidansu da shi ake gane namiji, a nan kuwa shi ke lalata huhu.

Na san shi ta dalilin kawuna, Alhaji Nasir, mai sayar da yadi a Kantin Kwari a Kano. Likita ne ya sa Kawu ninkaya bayan an yi masa aiki a gwiwa, ninkaya ta kai shi ga nutso, har ya karɓi katin shaida bara. Amma duk nutsonsa daga jirgin ruwa ne, inda ma'aikata ke ɗora maka tukunya kana zaune. Bana da ya zo hutu Dubai ya ce a gaɓar tekun Fujaira yake so, ya taka da ƙafarsa ya shiga teku. Wato zai ratsa yashi da duwatsu da kaya a bayansa.

Ni mutum ne mai son lissafi, na zauna na auna komai tun a ɗakina a unguwar Al Nahda. Tukwane uku ne: mai lita goma, mai sha biyu, mai sha biyar. Babbar idan an cika ta tana kai kilo ashirin, ban da dalmar da ake ɗaurawa don a nutse da sauran kaya. Gwiwar Kawu ba za ta ɗauka ba. Idan ta goce a kan duwatsun nan, hutu ya ƙare, wataƙila nutson ma gaba ɗaya. Ni kuma da nake zuƙar iska kamar mai gudu, babbar nake bukata. To, da wane bakin zan ce wa yayan mahaifiyata ya ɗauki ƙarama ni in ɗauki babba? A gidanmu ko tsokar nama ba a yi wa rabo haka.

Muna shiga shagon, Kawu ya wuce kai tsaye ya dafa babbar, bai ma tambayi kowa ba. Na kalli Ɗantani, na ɗan karkata ido wajen gwiwar. Bai nuna ya gani ba. Ya jawo kujera, ya gaida Kawu a tsanake, ya tambayi Kano da kasuwa, ya aika aka kawo shayi. Sai can, kamar hira, ya tambaye shi idan ya fito daga ruwa iska nawa ke rage masa. Kawu ya gyara hula ya ce bai taɓa fitowa da ƙasa da rabi ba. Ɗantani ya juyo kaina. Na faɗi gaskiya, allurar ma'aunin iskata kullum a bakin ja take, ta kusa ƙarewa.

"Ai shi ke nan, Alhaji," in ji Ɗantani. "Wannan babbar ta masu haki ce, su muke ba don kada su ja kowa ya fito da wuri. Mai natsuwa irinku, lita goma ma sai ya dawo mana da saura. Amma in kuna so ku ɗaukar wa yaro nauyinsa, sai in rubuta muku ita."

Kawu ya ɗauke hannunsa daga kan tukunyar, ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai Bashar, ashe duk saurin nan naka har a ruwa? Ɗantani, ba shi kayansa ya goya. Ni kawo mini ƙaramar, khalas, magana ta ƙare."

Ɗantani ya sa Kawu ya goya ta a nan cikin shagon, ya daidaita masa maɗauri, ya ƙara masa dalma kaɗan. Da muke loda mota ya ce mini a hankali in je da asuba in duba inda yashi ya fi duwatsu yawa, in ajiye mota kusa da nan. Na so in yi masa doguwar godiya, ya ce in tafi, masu jiran kanta sun taru.

A Fujaira ni na sha wuya. Ina baya ina gumi, igiya na cin kafaɗata, Kawu na gaba yana taku a hankali, shwaiya shwaiya in ji Larabawa. Da muka zo kan duwatsu na miƙa masa hannu, ya ƙi karɓa. Ya wuce su ɗaya bayan ɗaya har ruwa ya kai masa ƙirji, ya kwanta a kansa ya saki nauyin. Sannan ya juyo, ya cire abin shaƙa daga bakinsa, ya tambaye ni ko zan huta tukuna kafin mu sauka.